Rumbun Offshore Leaks: abin da yake nunawa kan dukiyar shugabanni da inda idonsa bai kai ba

Offshore Leaks Database rumbun bayanai ne da ƙungiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta duniya, ICIJ, ta buɗe a intanet a 2013. Kyauta ne, kuma ba sai ka yi rajista ba. A cikinsa akwai kamfanoni, gidauniyoyi da asusun amana fiye da 810,000 da aka kafa a ƙasashe da tsibiran da ake kai dukiya don a ɓoye mai ita ko a rage haraji. Daga kwarmato biyar aka tara su: Offshore Leaks na 2013, Panama Papers da Bahamas Leaks na 2016, Paradise Papers na 2017, sai Pandora Papers na 2021. Duk mai bibiyar yadda masu mulki da manyan addini ke riƙe dukiya, nan ya kamata ya fara leƙawa. Amma da yawa na shiga da zaton za su tarar da shaidar sata a shimfiɗe, su fito da takaici, ko kuma su fito da ƙazafi.

Kafin shafin ya ba ka sakamako, sai ka amince da wani gargaɗi: mallakar kamfani a waje ba laifi ba ne a kansa, kuma sunaye kan zo ɗaya. Kusan kowa dannawa yake yi ya wuce, alhali da yawa daga kurakuran da ake tafkawa daga nan suke. Idan ka rubuta suna, sakamakon zai fito kashi huɗu: kamfanonin kansu, mutanen da ke da muƙami ko hannun jari a cikinsu, dillalai irin su lauyoyi da bankunan da suka nema wa mutum kamfanin, sannan adireshi. Ka danna kamfani, za ka ga ranar da aka yi masa rajista, ƙasar da aka yi ta, ko yana raye ko an rushe shi, da kwarmaton da bayanin ya fito daga ciki. Akwai kuma zane mai ɗigo da layi da ke nuna wa ke haɗe da wa. Wannan zanen shi ne abin da ya fi kyau a shafin, domin ta nan za ka gane cewa kamfanoni uku masu sunaye daban adireshinsu ɗaya, ko darakta ɗaya ne ke sa musu hannu. A kwamfuta yana aiki sumul, a waya kuwa layukan kan cakuɗe.

Abin da babu shi ne kuɗin. ICIJ ta cire lambobin asusun banki, saƙonnin imel, takardun fasfo da bayanan shige da ficen kuɗi. Takardu miliyan 11.5 na Panama Papers ba sa cikin shafin, abin da aka tsamo daga cikinsu ne kawai. Saboda haka za ka san wane yana da kamfani a Tsibiran Virgin na Birtaniya, amma ba za ka san ko dala goma ce a ciki ko miliyan goma ba, balle inda ta fito.

Neman sunan shugaba kai tsaye shi ne mafi ƙarancin amfani. Sunan Vladimir Putin bai fito a Panama Papers ba, na tsohon abokinsa makaɗi Sergei Roldugin ne ya fito, haɗe da kamfanonin da kuɗi masu yawa suka ratsa. A Pakistan ma sunayen 'ya'yan Nawaz Sharif, firaministan ƙasar na lokacin, ne suka bayyana a kan kamfanonin da suka mallaki wasu gidaje a Landan. Don haka kafin ka taɓa shafin, rubuta jerin mata, 'ya'ya, surukai, 'yan uwa, lauya da tsofaffin abokan kasuwanci. Kowane suna ka gwada shi da rubutu daban-daban, domin Muhammad kaɗai kan zo da siffa huɗu ko biyar, wani lokaci sunan mahaifi ne a gaba, wani lokaci harufan farko kawai aka sa. Ka fara da sunan dangi shi kaɗai, sannan ka taƙaita da ƙasa. Amma ka sani ƙasar da shafin ke liƙa wa mutum yawanci daga adireshinsa aka ɗauko ta, ba daga fasfonsa ba. Wanda ya ba da adireshin ofishin lauyansa na Dubai, a Dubai za ka same shi.

Wurare biyu sawu kan ɓace. Na farko daraktocin haya, mutanen da ake biya su ara sunansu, har ka ga mutum guda a kan ɗaruruwan kamfanoni bai san abin da ko ɗaya ke yi ba. Na biyu inda aka rubuta THE BEARER ko EL PORTADOR a gurbin mai hannun jari, wato kamfanin na duk wanda takardar ke hannunsa ne. Idan ka ci karo da waɗannan, rumbun ya gama maka abin da zai iya. A ɗaya ɓangaren kuma, wani kaso na Paradise Papers rajistar kamfanoni ce ta ƙasashe kamar Malta da Barbados, inda akwai 'yan kasuwar da babu abin da suka ɓoye. Fitowar suna a nan ba labari ba ne tukuna.

Sai an ajiye wata takarda kusa da bayanin rumbun yake zama hujja, kuma ga ɗan siyasa wannan takarda ita ce fom ɗin bayyana kadarori. Tsohon firaministan Iceland, Sigmundur Gunnlaugsson, yana da rabin kamfanin Wintris lokacin da ya shiga majalisa a 2009, bai bayyana ba, sannan a ƙarshen shekarar ya sayar wa matarsa kasonsa a kan dala 1. Kamfanin kuma yana bin bankunan ƙasar da suka durƙushe bashi, bankunan da gwamnatinsa ke da ta cewa a kan makomarsu. Kwana biyu da fitowar labarin a watan Afrilun 2016 ya sauka daga kujerar firaminista. Shi kuwa Sharif, abin da Kotun Ƙoli ta kafa hujja da shi wajen raba shi da kujerarsa a watan Yulin 2017 albashi ne daga wani kamfanin Dubai da bai rubuta a takardar takararsa ba, kuma masu binciken da kotu ta naɗa ne suka tono shi bayan Panama Papers ta buɗe ƙofa. Darasin aiki a nan ranaku ne: ka jera ranar kafa kamfani, ranar hawa kujera, ranar cike fom, da ranar da hannun jari ya koma sunan wani. Giɓin da ke tsakaninsu shi ne labarin.

A ɓangaren shugabannin addini, rumbun kusan makaho ne, kuma ba laifinsa ba ne kaɗai. Yakan kama wasu. Pandora Papers ta bankaɗo asusun amana uku a Niyu Zilan masu alaƙa da ƙungiyar limaman Katolika ta Legionaries of Christ, da dukiya kusan dala miliyan 300, an kafa na farko a 2010 daidai lokacin da Fadar Vatican ke karɓe ragamar ƙungiyar saboda abin kunyar wanda ya kafa ta. Ƙungiyar ta ce biyu daga cikin asusun ba sa ƙarƙashin ikonta. To da me za ka gwada maganarta? Limami ko fasto ba ya cike fom ɗin kadarori. Sadaka da baiko sukan shigo tsaba, babu rasit, kuma sau da yawa ba a raba aljihun jagora da baitulmalin jama'a tun farko ba. A Amurka an ɗauke wa wuraren ibada shigar da Form 990, takardar da sauran ƙungiyoyin agaji ke bayyana kuɗinsu a kai duk shekara. Bugu da ƙari ba sai an tsallaka teku ake ɓoyewa ba. A watan Fabrairun 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ta ci cocin Mormon da kamfaninta na zuba jari, Ensign Peak, tarar dala miliyan 5 a jimlace, saboda amfani da kamfanonin takarda 13 wajen ɓoye girman jarin cocin. Duk a cikin Amurka aka kafa su, kuma wani ma'aikacin cikin gida ne ya fara fasa ƙwai, ba takardun wani tsibiri ba. Mai bin sawun ƙungiyar addini da ke da reshe a Ingila zai fi cin riba a rajistar Charity Commission, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji a can, inda ƙungiyar da kuɗin shigarta ya haura fam 25,000 dole ta miƙa lissafinta, kuma shafin na nuna wadda ta makara.

Ɗaya matsalar tsufa ce. Bayanan Panama sun tsaya a 2015, kamfanin lauyoyin da suka fito daga wurinsa, Mossack Fonseca, ya rufe a 2018, mafi sabunta a rumbun duka bai wuce 2020 ba. Kamfanin da aka rubuta yana raye wataƙila ya daɗe da mutuwa. Kuma waɗanda aka fallasa 'yan kaɗan ne cikin masu wannan sana'a, Pandora Papers duk girmanta daga kamfanoni 14 ta fito. Rashin ganin sunan mutum bai wanke shi ba, wataƙila lauyansa ne dai ba a kwarmata ba.

Ga ɗan jarida, mai binciken kuɗi ko ɗan kwamitin amintattu, shafin ya cancanci lokacin da za a ba shi, muddin an haɗa shi da Companies House, ofishin rajistar kamfanoni na Birtaniya, wanda tun 2016 yake nuna mai riƙe da fiye da kashi 25 cikin 100 na kamfani, tun 2022 kuma yake da rajistar kamfanonin waje masu mallakar gidaje a can. Ga mai neman hoton da zai watsa a WhatsApp, illarsa ta fi amfaninsa. Mai sunaye da yawa da zai tantance gara ya sauke bayanan gaba ɗaya, ICIJ na bayar da su a tsarin fayil na CSV da na manhajar Neo4j, sai dai sun yi wa Excel nauyi. Duk abin da ka samu, ajiye adireshin shafin da ranar da ka duba, ka tabbatar da mutumin ta wata shaida ta biyu kamar adireshi ko sunan abokin hulɗa, sannan ka aika masa tambayoyi a rubuce, ka ba shi wa'adin amsa kafin ka buga.