Gargaɗi: mai tallar ruwan obefin ya ci mini jika 85

Jama'ar Yamai, akwai wani mutum da ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp yana tallar ruwan obefin, wai maganin zuciya da tansiyo daga Jamus. Ɓarawo ne. Jika 85 ya ci mini, ya kuma kusa raba ni da uwata. Jika 85, ni da nake zaman jiran ƙarshen wata kamar kowa.

Kafin wani ya ce mini "ke ma da ganganci", a dakata. Ni malamar makaranta ce, ba a miƙo mini kwalba in karɓa ido rufe. Na bincika a intanet. Iccen obefin akwai shi, sunansa na kimiyya Crataegus, mai ƙaya da farin fure da jajayen ƴaƴa, yana fitowa a Turai da arewacin Afirka. A Jamus ana tatsar ganyensa da furensa a yi magani na gaskiya mai suna WS 1442, kuma wannan sunan ne ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar da ya nuna mini. To me zan zarga?

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da muka haɗu wajen Wadata. Farar shadda, ƙamshin turare, carbi a hannu. Bai fara da zancen kuɗi ba. "Malama, ya jikin Inna? Ta samu barci jiya?" Ya ce shi ma tansiyo ne ya ɗauke tasa uwar, dalilin shigarsa harkar ke nan, har ya kau da kai yana goge ido. Na ba shi jika 25 na kwalbar farko, shi da kansa ya tare mini taksi ya biya. Ya biya mini taksi fa! Wane ɓarawo ne ke biya maka taksi? Waye a cikinku ba zai saki jiki ba?

Daga baya na tura jika 45 ta waya na kwalabe uku, wai sai an cika su magani ke kama jiki. A'a, kafin nan ma ya riga ya karɓi lambar Inna, wai zai riƙa gaishe ta yana yi mata addu'a. Ashe kiranta yake yi yana cewa, "Inna, ƙwayoyin farmasi su ke tare wa maganin hanya, ki ajiye su." Baiwar Allah ta tura su ƙarƙashin katifa, ba ta gaya wa kowa ba. Sai jika 15, wai kaya sun maƙale a duwan. 25 da 45 da 15. Kwalabe ukun har yau ko murfinsu ban gani ba.

Jiri ne ya kayar da ita tana alwalar asuba. Da muka kai ta asibiti, tansiyonta 19. Lokotoro ya karɓi kwalbar ya shinshina, ya sa farce ya ɓantare takardar. Takardar fotokwafi ce aka manna da gam, ba lambar kamfani, ba ranar lalacewa. Ruwan ja ne, yana ƙamshin zoɓo da wani ɗaci a ƙarshe. Ya ce ba wanda zai iya faɗin abin da ke ciki sai an kai awo.

Shi ne ya yi mini bayanin binciken da mutumin ya yi ta turo mini hotonsa. An yi shi, an fitar da sakamako a 2008, masu raunin zuciya 2,681 ne a ciki, ana ba wasunsu miligiram 900 kullum har shekara biyu. Amma dukansu suna ci gaba da shan magungunansu na asibiti, ba wanda aka ce ya ajiye. Kuma a jimlace ba a ga ya rage mutuwa ko kwanciya asibiti yadda za a kafa hujja ba. Ƙananan gwaje-gwaje ne suka nuna yana ɗan sauƙaƙa haki da gajiya. Ko na gaskiyar yana iya sa jiri, yana iya cin karo da maganin zuciya mai suna digoxin da maganin tansiyo. Wannan ɓangaren ɗan banzan bai turo mini ba. Ni dai abin da aka nuna mini gaskiya ne, rabinta ya yanke.

Na ma ji abin da ya fi tayar mini da hankali: a 2024 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa wasu kayan da ake sayarwa da sunan saiwar irin wannan icce na Meziko, da aka auna, wani icce ne mai dafi da ke taɓa zuciya. Can ke nan, inda ake awo.

Inna na samun sauƙi, alhamdu lillahi, ta koma kan ƙwayoyinta. Shi kuwa ya toshe ni, lambarsa a kashe. Na kai ƙara kwamisariya. Hotunan hirarmu da rasit ɗin turawa da muryar da ya aika wa Inna duk suna hannuna, zan saka su da dare in na rufe lambarta.

Kada ku saya. Duk wanda ya ce wa tsohonku ya ajiye maganin lokotoro, ku kashe wayar.

Jika 15 ɗin duwan ma rance na ci wajen maƙwabciyata, kuma ranar da na tura har "Allah ya saka da alheri" na rubuta masa. Ban yafe ba.