Safar gwiwa mai mayen ƙarfe: ɗumi na samu, ban ga aikin maganaɗisun ba

Mai son jin hukuncina a taƙaice, ga shi: safar tana da amfani, amma mayen ƙarfen da aka ɗinke a cikinta, wanda saboda shi aka ninka mata kuɗi, ban ga abin da ya tsinana ba.

Ni tela ne, kuma keken ƙafa nake takawa, tunda wuta a unguwarmu sai ta ga dama take zuwa. Gwiwar dama ce ke shan wahalar feda tun safe. Da hunturun bara ya kankama sai ta fara ƙara in na miƙe, zaman tahiya kuwa sai na lallaɓa. A wannan halin na ci karo da tallar wani a WhatsApp: safar gwiwa haɗe da awarwaron jan ƙarfe, duk masu maganaɗisu. Bayaninsa mai shiga kunne ne. Wai ai akwai ƙarfe a cikin jini, mayen ƙarfe zai jawo shi, jini ya gudana, sanyin ƙashi ya fita. Ya jero hawan jini, ciwon suga, rashin barci, har da abin da ba a faɗa a gaban yara. Ni dai gwiwa ce ta dame ni, na tura kuɗi aka kawo.

Ta fuskar sana'ata, aikin ba laifi. Yadin baƙi ne mai roba, yana miƙewa ya koma, kuma an kama bakinsa da kyau, bai zare ba duk wankin da ya sha. An bar rami a daidai ƙoƙon gwiwa, aka kewaye shi da ƙananan maganaɗisu masu girman maɓallin riga, kowanne cikin ɗan aljihunsa. Matsalarsa biyu. Da zafi ya shigo sai bayan gwiwa ya riƙa jiƙewa da gumi yana ƙaiƙayi, sannan in ka daɗe a zaune saman safar yakan naɗe ya shaƙe cinya.

Ciwon ya ragu? Ya ragu, ba zan ɓoye ba. Gwiwar ta samu ɗumi, ta samu abin da ya riƙe ta, takun feda ya yi sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wa zan gode wa, yadin ko mayen ƙarfen?

Tela ba baƙon mayen ƙarfe ba ne, da shi muke tsince fil da allura in sun zube. Sai na juya safar na kara mata fil, ya manne caraf. Na ninka ƙyallen shadda na sa a tsakani, riƙon ya yi sanyi. Na ƙara ninki, fil ya faɗo ƙasa. Na ɗora ɗan yatsana a kan maganaɗisun na ajiye fil a bayan farce, ko motsi bai yi ba. Ƙarfin irin wannan ɗan maganaɗisu yana zubewa da sauri da zarar ka ɗan matsa daga jikinsa, alhali gaɓar da ke ciwo tana can ciki, bayan fata da kitse da jijiya. Abin da ya kasa ratsa yatsa ya ɗauki fil, ta yaya zai kai cikin gwiwa?

Ƙanwata tana aiki a sashen ɗaukar hoto na wani asibiti, kan injin MRI, wanda ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu. Da na nuna mata safar dariya ta yi.

"Yaya, da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisu, kuma injin da nake aiki da shi tesla 1.5 ne, akwai ma masu tesla 3. Irin mayen ƙarfen da ake mannawa a jikin firji kusan tesla 0.005 ne kawai. Namu tukunyar iskar oksijin yake fizgowa daga tsakiyar ɗaki, shi ya sa ko makulli ba a shiga da shi. Mutum ya kwanta a ciki rabin awa ya fito, jininsa bai taru waje ɗaya ba. In da jini na bin mayen ƙarfe, ai da ba wanda zai fito da rai."

Na ce to ƙarfen da ake cewa yana cikin jini fa? Ta ce gaskiya ne akwai shi, amma duk jikin babban mutum giram 3 zuwa 4 ne, kuma mafi yawansa a ɗaure yake ƙwaya-ƙwaya cikin sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ba dunƙulallen ƙarfe ba ne da za a jawo. Tun 1936 masana kimiyya Linus Pauling da Charles Coryell suka auna wannan a Amurka. Jinin da ke ɗauke da oksijin maganaɗisu ɗan ture shi ma yake yi, wanda ya sauke oksijin kuma yana ɗan jansa, kuma duka biyun ƙanƙanta ce da sai na'ura mai tsananin kaifi ke ganewa. Ta ƙara mini da labarin kwaɗon da Andre Geim da abokan aikinsa suka sa ya yi shawagi a iska cikin maganaɗisu mai tesla 16 a Nijmegen ta ƙasar Holan a 1997. Kwaɗon ya sauko lafiya lau.

Bayan ta tafi na ɗauki reza na farke aljihunan ɗaya bayan ɗaya, na zare maganaɗisun, na mayar da ɗinki. Na ci gaba da sa safar haka nan. Ɗumin yana nan, riƙon yana nan, sauƙin da nake ji bai canza ba. Gwajin mutum ɗaya da ya san abin da ya cire ba hujja ba ce, amma ya zo daidai da abin da masu bincike suka samu. A 2013 wata tawaga a Jami'ar York ta Ingila, ƙarƙashin Stewart Richmond, ta gwada mutum 70 masu amosanin gaɓɓai. Kowannensu ya ɗaura abubuwa huɗu bi da bi: maɗauri mai cikakken maganaɗisu, mai rauni, wanda aka kashe wa maganaɗisu, da awarwaron jan ƙarfe. Ba a ga bambancin kirki ba, ko a ciwo ko a kumburi. Masu talla sun fi son ambaton wani bincike na 2004 da ya fito a mujallar likitocin Birtaniya, kan mutum 194, inda ciwon ya ɗan ragu. Sai dai su kansu masu binciken sun ce ba za su iya raba aikin maganaɗisun da aikin sa rai ba. Dalili a fili yake: duk wanda aka ba awarwaro zai iya kara shi da makulli ya gane na gaske ne ko na bogi. Wannan gardamar ma ta tsufa. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti, har da masanin kimiyyar Amurka Benjamin Franklin a ciki, don duba iƙirarin wani likita Franz Mesmer na warkarwa da wani ƙarfin maganaɗisu na jiki. Suka rufe wa mutane ido suka gwada, suka ce tunani ne ke aikin.

Awarwaron kuwa bai daɗe a hannuna ba. Fil da allura sai su riƙa maƙalewa a wuyan hannuna ina tsaka da yanka. Sannan ya bar mini koren zane a fata. Da na tambayi mai tallar ya ce, "Alhamdulillahi Malam, gubar ce ta fara fita." Ba guba ba ce, gumi ne ya ci jan ƙarfe, sabulu kuma ya wanke shi tas.

Kada a ce na ce maganaɗisu ba shi da gurbi a asibiti. Hoton MRI da shi ake yi. Akwai kuma na'urar da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2008 don masu ciwon damuwa mai tsanani, wadda ke harba maganaɗisu mai ƙarfi yana kunnuwa yana mutuwa da sauri har ya tayar da lantarki a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan daban, ɗan dutsen da ke zaune shiru a jikin safa daban.

Abubuwa biyu ƙanwata ta ja mini kunne a kai, kuma babu ko ɗaya a jikin kwalin. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya bar maganaɗisu ya matso ƙirjinsa, a bar tazarar aƙalla santimita 15. Sai yara. In yaro ya haɗiyi guda biyu, suna iya kamo juna ta bangon hanji su huda shi, abin ya kai ga tiyata. Waɗanda na zare suna cikin gwangwani mai murfi a saman kanta, inda hannun almajiran shago da 'ya'yana ba ya kaiwa. Ni kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jerin cututtukan nan na talla. Dattijon da ya ji awarwaro na maganin hawan jini zai iya ajiye ƙwayarsa, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Mai ciwon gwiwa da ke son safa ya je kemis ya sayi wadda ba ta da komai a ciki, ta fi araha kuma aikin ɗaya ne. Ya auna kewayen gwiwarsa da tef kafin ya biya, don ƙaramar safa kumbura ƙafa take yi, kuma ya cire ta in zai kwanta. In gwiwar ta kumbura, ta yi zafi, ko tana maƙalewa in an miƙe, wannan ya wuce aikin safa, likita zai gani.