Sharhi kan kwalin kayan felti: ulun merino mai kyau da koren da ya ɓata mini aiki

Kwalin an shirya shi ne domin masu son yin kyallen felti na ado da hannu, wato wanda ake haɗawa da ulu da ruwan ɗumi da sabulu ba tare da saƙa ko ɗinki ba, kuma da farko na yaba da shi ƙwarai. Farin ulun da shuɗin na tumakin merino ne na gaske, an taje su da kyau, suna rabuwa a hannu ba tare da ƙulli ba. Na shimfiɗa su hawa uku a kan ɗan silikin da aka haɗo, kowane hawa a gicciye da na ƙasansa, na yayyafa ruwan sabulu, na murza a hankali, sannan na naɗe cikin tabarmar gora na yi ta mirginawa. Gashin tumaki yana da ƙananan ɓawo irin na kifi, waɗanda ɗumi da damshi ke buɗewa, murza kuma ta sa su sarƙe da juna, shi ya sa kyallen ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya yi ƙwari yadda ake so.

Koren ulun, wanda na zana ganyaye da shi a tsakiya, shi ne ya ƙi kamawa. Na ƙara sabulu, na ƙara ɗumin ruwa, na murza har tafin hannuna ya yi ja, amma duk lokacin da na tsinci wurin da yatsu biyu sai zaren ya taso gaba ɗaya, yayin da farin da ke kewaye da shi ya riga ya tsuke ya bar shi a kumbure. Da na yanki kaɗan na kai bakin wuta, sai ya narke ya zama baƙin ƙwallo mai tauri da warin roba, alhali farin ya yi warin ƙonannen gashi, tokarsa kuma ta marmashe tsakanin yatsu. Babu shakka zaren roba ne, mai santsi marar ɓawo, ga shi kuwa an rubuta a jikin kwalin cewa ulu ne zalla.

Na rubuta wa mai sayarwa, ya amsa cikin ladabi cewa in danne wurin da allurar felti mai ƙayoyi. Gaskiya ne allurar tana iya cusa zaren roba, sai dai wannan salon na haɗa ulu da siliki da ake kira nuno, wanda Polly Stirling ta fito da shi a Ostireliya a farkon shekarun 1990, ya dogara ne ga ulu ya ratsa ramukan siliki da kansa ya tattare shi, kuma soka allura a siliki mai laushi haka yana barin huji. Amsar ta fi ɓata mini rai fiye da zaren, domin ta nuna mai sayarwar bai taɓa jiƙa kayansa ya gwada ba.

Har yanzu ba zan kushe merinon ba, kuma tabarmar tana da ƙarko. Amma sabon shiga da wannan ya faru da shi zai ɗauka hannunsa ne bai iya ba, ya ajiye sana'ar, kuma saboda haka ba zan ba mai koyo shawarar sayen kwalin ba. Wanda ya riga ya saya, ya murza ɗan guntu na kowane launi daban cikin ruwan sabulu kafin ya ɗora shi a kan siliki.