GeoGebra ta nuna mini fankshin da idona

Tun ina sakandare a Jega nake rubuta f(x) ina cin maki, amma haddar tsiya ce kawai. Sai da na shiga aji ɗaya a jami'ar Aliero lissafi ya tsaya mini a wuya. Yayata ce ta karɓi wayata ta sauke mini GeoGebra, ta ce, "Ƙanwata, daina hadda, ki riƙa kallo."

Manhajar kyauta ce. Wani ɗan Ostiriya, Markus Hohenwarter, ya fara ta a 2001 yana ɗalibi a jami'ar Salzburg. In ka sauke ta, tana zana hoton lissafi ko babu data, wanda a wurina ba ƙaramin abu ba ne.

Malaminmu ya kwatanta fankshin da injin niƙa: ka zuba gero, gari ya fito, kuma abin da ka zuba ɗaya, abin da zai fito ɗaya ne. Na ji, amma bai zauna ba sai da na rubuta x² + y² = 25. Da'ira ta fito. Na duba inda x yake 3, sai ga y biyu, 4 da −4. Injin da ke ba da gari iri biyu daga mudu ɗaya ai ba shi ake nufi ba. Nan take na gane dalilin da ya sa da'ira ba fankshin ba ce.

Inda ta fi burge ni shi ne matsar da zane. Wallahi na yi shekaru ina ɗauka cewa zanen (x − 3)² hagu da na x² zai tafi, tunda ga alamar ragewa. A manhajar na rubuta (x − a)², ta ba ni wani ɗan maɓalli da ake ja da yatsa. Zanen ya fito kamar ƙwarya. Ina ƙara a, kwaryar zanen tana tafiya dama. Na ja, na dawo, na sake ja har kusan sallar Isha'i. Ashe gindin kwaryar yana zama ne inda abin da ke cikin baka ya koma sifili, wato a (x − 3)², inda x yake 3. Haka 1/x: daga ɓangaren dama, layin yana ta matsowa kusa da inda x yake sifili yana gudu sama, ba ya taɓa shi, don ba a raba lamba da sifili.

Sai dai ba a shiga jarrabawa da waya. Wata ƙawata ta saba da kwafar zanen kai tsaye, ranar gwaji ta rasa ta inda za ta fara. Ni yanzu sai na yi jadawalin lambobina na zana da fensir a takarda, sannan in buɗe manhajar in gwada. Jiya na zana √(x + 2), na fara layin daga −2, da na duba, daidai wurin ita ma ta fara.