Wace Hanyar Sulhun Iyali Ta Cancanci Kuɗinka da Lokacinka?

Ɗalibin da ke karanta fannin ba da shawara, ko a Samaru yake ko a Gyallesu a Zariya, da zarar ya kai darasin aure da iyali zai ga an jera masa mazhabobi iri-iri, wato hanyoyin sulhun iyali. Jarrabawa tana son ka haddace su duka. Aljihu kuwa ba zai iya sayen littattafan kowacce ba, kuma ƙwarewa a hanya ɗaya ma sai an ɗauki shekaru. Dole ka zaɓa. Ni ma'aunina shi ne: shin hanyar tana da wurin zaman uwar miji, da kishiya, da waliyyi? A Zariya da wuya ka ga rigimar aure ta mutum biyu ce kawai.

Da wannan ma'auni, hanyar Salvador Minuchin ta duba tsarin gida ita ce kan gaba. Likita ne haifaffen Ajantina, ya fara da iyalan talakawan yaran da ake tsare da su a wata makaranta a jihar Niyok, daga baya ya shugabanci asibitin kula da yara a Filadelfiya, ya fitar da babban littafinsa a 1974. Bai damu da tono yarintar mutum ba. Yana duba yadda gidan yake yau: wa ke yanke hukunci, wa ya haɗa kai da wa, ina iyaka ta yi tsauri har ba a magana, ina kuma ta rushe har kowa na shiga sha'anin kowa. Kamar gidan da dangarsa ta faɗi ne, ba a san inda sashen wani ya ƙare ba.

Ɗauki amaryar da ta zo tana cewa mijinta ba ya sonta. Ka bincika, sai ka tarar kuɗin cefane hannun mahaifiyarsa yake shiga, ita take auna wa amarya shinkafa da mai. Mai bin Minuchin ba zai tsaya jin labari daga bakin kowa daban ba. Zai ce, "Malam, juya ka dube ta, ku yi maganar cefanen gobe a nan gabana." Nan take zai ga mijin yana satar kallon mahaifiyarsa kafin kowace amsa. Wannan kallon shi ne matsalar, kuma babu wanda zai faɗa maka shi da baki. Abin da ya fi burge ni shi ne sharaɗin da Minuchin ya gindaya, cewa sai ka shiga jikin iyali sun karɓe ka kafin ka taɓa komai. A wurinmu wannan yana nufin ka fara durƙusawa ka gaida tsohuwa, ka ce, "Hajiya, a ba su izini su daidaita a tsakaninsu, sannan ki sa musu albarka." Ka ɗaga darajarta, ka kuma samar wa ma'auratan fili. Haka take aiki a gidan mata biyu, inda rabon kwana da girki da tarbiyyar 'ya'yan kowane ɗaki suke da iyakokinsu. Sai dai a kiyaye: gyara iyaka ba raba ɗa da uwarsa ba ne. Wanda ya fahimce ta haka, gidan mutane zai tarwatsa.

Daga wurin Murray Bowen na Jami'ar Georgetown ka ɗauki taswirar zuri'a, wadda ake zana kakanni da iyaye da 'ya'ya a takarda ɗaya. A garin da auren zumunci ya yawaita, ita za ta nuna maka cewa faɗan ma'auratan tsohon saɓani ne tsakanin wa da ƙani. John Gottman ya lissafa abubuwa huɗu masu kashe aure, wato suka, raini, kare kai da yin gum, ya ce raini ne mafi muni. Gaskiya ne, amma miji da mata kawai ya zaunar a ɗakin bincikensa. Hanyar Sue Johnson ta Kanada tana buƙatar namiji ya bayyana rauninsa gaban baƙo, ga horonta da tsada. Ta Steve de Shazer da Insoo Kim Berg, mai tambayar a auna damuwa daga 0 zuwa 10, tana da amfani idan zama biyu kawai za ka samu.

Amma wallahi ba zaɓen mazhaba ne ya fi damuna ba, masu sayar da horo ne. Na taɓa biyan kuɗi na shiga wani aji a WhatsApp. Ana cikin darasi mai koyarwa ta turo mana saƙon muryar wata mata tana kuka, tana bayyana sirrin shimfiɗarta, wai misali ne. Wata a cikinmu ta gane muryar. Har yau ina tunanin halin da matar nan ta shiga. Tun daga nan, tambayar farko da nake yi wa kowane mai horo ita ce yadda yake adana sirrin mutane, kuma idan ya fara ba ni labarin wance matar wane, na tashi.

Ku guji takardar shaidar da ake bayarwa bayan kwana uku. Ku guji wanda ya ce duk auren da ya sa wa hannu bai taɓa mutuwa ba, domin ko ƙarya yake, ko yana tilasta wa mata zaman wuya. Idan darasi ya ƙare da tallan kayan mata ko maganin mallaka, kasuwa kuka shiga. Wasu suna liƙa tambarin cibiyoyin ƙasashen waje a takardunsu, alhali su ma a YouTube suka kalli abin. Ko littattafan da ake gurzawa ana sayarwa, a duba su shafi-shafi, sau da yawa babin ladubban aiki ne ba ya ciki.

Mafi hatsari shi ne malamin da zai koya maka haɗa mai duka da wadda ake duka a ɗaki ɗaya. Za ta faɗi gaskiya a gabanka, ta koma gida ta ɗanɗana kuɗarta. Inda akwai duka, a gana da kowa shi kaɗai, a fara da tsaron lafiyarta, a sa waliyyanta a ciki, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mai sulhu daga danginsa da daga danginta. Akwai kuma dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015, wadda jihar Kaduna ma ta yi tata. Inda kuka ga alamar ciwon damuwa ko shaye-shaye, ku tura wa likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika.

Kafin ka biya ko kwabo, tambayi mai horon wane ƙwararre ne zai zauna ya ga aikinka da iyali na gaske ya gyara maka, sau nawa, kuma a ina shi kansa ya yi karatu.