Hattara da damfarar masu yi wa ƙarfe ruwan tutiya da kurom

Wannan gargaɗi ne ga duk mai ƙera kayan ƙarfe da ke kai su a yi musu ruwan tutiya ko na nikel ko na kurom, da kuma mai sayen noti da kusoshi da yawa don aiki. An cuce ni ta wannan hanyar, kuma ba na so a cuci wani bayana.

Sana'ata ƙera ƙananan ƙarafan da ake ɗaure na'urori da su a waje, inda ruwan sama da raɓa ke dukansu. Wani dillali ya same ni da samfur guda biyu masu kyau, ya ce masana'antar da yake wakilta za ta yi mini ruwan tutiya mai kaurin maikiron 12, a farashi mai sauƙi, cikin rabin lokacin da na saba jira. Har takardar shaidar gwaji ya nuna mini a wayarsa. Na ba da kafin alƙalami, kaya suka dawo suna ɗaukar ido, na cika masa kuɗinsa. Ba a yi wata biyu ba wanda na sayar wa ya turo mini hotuna: jar tsatsa ta feso a cikin kowane lanƙwasa da kowane ramin noti. Da na ari na'urar auna kauri, samfurin da aka fara nuna mini ya cika 12 ɗin cif, amma kayana ko 3 ba su kai ba. Takardar kuwa ta wani aiki ce daban, an goge lambarta aka ɗora tawa.

Ga inda satar take ɓuya. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma silin gashin mutum ya kai wajen maikiron 70. Babu idon da zai bambance 3 da 12, ƙyallinsu ɗaya ne ranar da suka fito. A tanki ake tsoma ƙarfen cikin ruwan sinadari a sakar masa lantarki, tutiyar ta riƙa hawa jikinsa a hankali, kuma kaurin ya danganta ne da ƙarfin wutar da daɗewar da ya yi a ciki. To macuci lokaci yake sacewa. Ya tsamo kayanka tun ba su nuna ba, ya zuba na wani, ya rage kuɗin wuta da na tutiya. Wani abin lura, ruwan ya fi taruwa a baki-baki da kusurwoyin da suka fito waje, cikin lungu da rami kuwa kaɗan yake samu. Shi ya sa in ka matsa sai ya auna a gabanka, a baki zai ɗora na'urar.

Kada a ɗauki kauri a matsayin ado. Tutiya tana kare ƙarfe ne ta hanyar cinyewa a madadinsa, ko an ƙarce wurin ita ce za ta fara lalacewa kafin tsatsa ta taɓa abin da ke ƙasa. Ranar da ta ƙare, kariya ta ƙare. Ma'aunin ASTM B633 ya kasa wannan aikin gida huɗu, maikiron 5 da 8 da 12 da 25, na farko don busasshen wuri a cikin ɗaki, na ƙarshe don wurin da yanayi ya tsananta. Abin da aka ba ni bai cancanci zaman ɗaki ba ma.

Bayan abin ya faru na yi ta tambayar abokan sana'a, sai na ga yaudarar kala-kala ce. Akwai masu karɓar kuɗin tsomawa a narkakkiyar tutiya, wadda ake yi a zafin digiri 450 ko kusa da haka, su kawo maka na lantarki siriri, ko ma fenti mai launin azurfa. Na tsomawa na gaskiya yakan fito da launin toka, da ɗan kaushi, kuma ma'aunin ISO 1461 ya nemi matsakaicin kauri na maikiron 85 ga ƙarfen da ya haura milimita 6. Fenti kuwa, ka jiƙa tsumma da tina ka goga, zai biyo tsumman.

Na kurom ya fi saurin ruɗar mutum saboda shi ne mai kyan ɗan maciji. Kurom na ado bai kai maikiron ɗaya ba, nikel ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ke tare tsatsa. Sai su rage nikel ɗin ko su tsallake shi gaba ɗaya. Nikel kuma ba ya fansar ƙarfe kamar tutiya, da zarar an sami ɗan huji sai tsatsa ta shige ta ci ta ƙasa, saman ya kumbura ya ɓare kamar ɓawo. Daga nan ne wasu ke sayar da baƙin ƙarfe mai ruwan nikel da sunan sitenles. Mayen ƙarfe yana taimakawa, domin sitenles nau'in 304 da 316 da ƙyar suke kama shi, sai dai akwai sitenles na gaskiya irin 430 da ke kamawa, don haka kada ka tsaya a nan. Sa magagari ka ci gefe guda har ka wuce fatar, ka shafa ruwan gishiri, ka ajiye kwana biyu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na kusoshi masu ƙarfi, waɗanda aka buga wa 10.9 ko 12.9 a ka, da sifirin. Lokacin wanke su da asid da yi musu ruwan, iskar haidurojin tana shiga cikin ƙarfen ta mai da shi mai saurin karyewa. Maganin shi ne a gasa su a zafin da ya kai wajen digiri 200 na tsawon awanni, kuma a fara cikin awa huɗu da fitowarsu daga tanki. Wanda ya iya satar minti goma a tanki, kana ganin zai kunna tanda na awanni? Kuma babu alamar da za ta nuna maka. Ka ɗaure kusa lafiya lau, bayan kwana biyu ko mako kanta ya fille ba tare da ta ko lanƙwasa ba. In a jikin mota ne ko abin ɗaga kaya, maganar rai ake yi.

Ba na cewa duk masu wannan sana'a macuta ne. Akwai masu tsoron Allah da yawa, kuma za ka gane su da cewa ba sa jin haushin tambaya. Wanda ya cuce ni, sau uku ina neman ya kai ni in ga masana'antar yana kawo uzuri, ni kuma na biye wa araha na kau da kai.

Don haka a rubuta komai kafin a ba da ko sisi: wane ruwa, maikiron nawa mafi ƙaranci, a wane wuri a jikin ƙarfen za a auna, da batun gashi in kusoshi masu ƙarfi ne. In kaya sun iso, kai da hannunka za ka zaro na gwaji daga tsakiya da ƙasan buhu, ba wanda aka miƙo maka ba. In aikin babba ne, ka nemi gwajin feshin gishiri na ISO 9227, wanda ake yi da ruwa mai gishiri kashi 5 cikin ɗari a zafin digiri 35, ka tabbatar lambar da ke kan takardar ita ce ta kayanka, sannan ka kira ɗakin gwajin da kanka ka ji ko daga wurinsu ta fito. Cikon kuɗi kuma sai bayan awo.

Ni dai dillalin tun ranar da na tura masa hotunan wayarsa take a kashe. Na karɓo kayan gaba ɗaya daga hannun mai su, aka sauke tsohon ruwan aka sake sabo a wani wuri, duk daga aljihuna, kuma har yau ina ƙoƙarin shawo kan mutumin ya sake ba ni aiki.