Casio fx-991ES PLUS da lissafin ƙarfin jan juna: ra'ayin malamin fiziks

Duk shekarar da na kai ɗalibaina na babbar sakandare kan dokar da Isaac Newton ya wallafa a 1687, wadda ta ce kowane abu biyu a sararin duniya suna jan juna, na lura ba dokar ce ke ba su wahala ba. Sun san a ninka nauyin abu na farko da na biyu, a ninka da G, wato tabbatacciyar lambar ƙarfin jan juna, sannan a raba da tazarar da ke tsakaninsu bayan an ninka ta da kanta. Inda gizo ke saƙar shi ne lambobin, domin G kaɗai 6.67 × 10⁻¹¹ ce, nauyin duniya kuwa kimanin kilogiram 5.97 × 10²⁴.

A nan ne kalkuletar Casio fx-991ES PLUS ta ciri tuta. Tana ɗauke da tabbatattun lambobin kimiyya guda 40, kuma G ita ce ta 39, saboda haka ɗalibi zai danna SHIFT da 7, ya rubuta 39, ta fito masa cikakkiya ba tare da ya haddace ta ba. Sai dai a yi hattara da ta 35, wato ƙaramar g, wadda hanzarin faɗuwar abu ce a doron ƙasa, don na sha ganin yara suna ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take nuna lissafin rabawa sama da ƙasa, tamkar yadda nake rubutawa a allo, ta yadda mai kuskure zai gan shi da idonsa kafin ya nemi amsa.

Na gwada ta da wani ɗalibi mai nauyin kilogiram 60, muka sa tazarar mita 6.371 × 10⁶ daga tsakiyar duniya, ta ba mu ƙarfin jan da duniya ke yi masa kimanin nutan (ma'aunin ƙarfi) 589, wanda ya yi daidai da abin da muka samu da muka ninka 60 da 9.8, in ban da ɗan bambanci kaɗan. Yaron ya daɗe yana kallon allon kafin ya yarda hanyoyin biyu gida ɗaya suke zuwa. Shawarata dai ita ce a riƙa amfani da maɓallin ×10ˣ, kuma a sa tazarar cikin baka kafin a ninka ta da kanta.

Tana aiki da hasken rana da ƙaramin batir, amma allonta ba ya haske, don haka mai karatun dare sai da fitila. Jabunta kuma sun cika kasuwa. Wata da wani ɗalibina ya sayo da araha a hannun mai talla, maɓallanta sun fara maƙalewa tun zangon karatu bai ƙare ba. Duk wanda zai saya ya kira G a gaban mai shago, ya gwada lissafi ɗaya cikakke kafin ya miƙa kuɗinsa.